Dokta Dorothy Andersen: Likitar da ta gano cutar da ke toshe huhun yara da majina

Idan kuna zaune a Boɗinga ko Shagari, ko wani gari da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, kun san tarin yara ba baƙon abu ba ne. Da hunturu ya shigo da ƙurarsa, da wuya a sami gidan da ba a jin yaro yana tari da dare. Mafi yawan wannan tari mura ce, kuma yakan wuce cikin mako ɗaya ko biyu. Amma akwai yaron da tarinsa ba ya wucewa. An yi masa maganin sanyin haƙarƙari sau uku, an sa shi a kan maganin tarin fuka har ya gama wata shida, yana cin abinci sosai, amma jikinsa bai nuna ba.

Saboda irin wannan yaro ne muka kawo muku tarihin Dokta Dorothy Andersen, likita Ba'amurkiya da ta rasu a 1963. Ita ce ta fara bayyana cutar sistik faibirosis dalla-dalla, ta ba ta suna, ta kuma shiga sahun waɗanda suka fara yi mata magani. Rayuwarta tana koya mana abu guda: magani yana biyo bayan sanin cuta ne. Kafin a san sunan wannan cuta, an yi shekaru ana ba yara maganin wata cutar daban suna mutuwa.

Marainiya mai son karatu

An haifi Dorothy Hansine Andersen ranar 15 ga Mayu, 1901, a garin Asheville na jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Mahaifinta mutumin Danmak ne da ya yi ƙaura zuwa Amurka. Ya rasu a 1914, tana da shekara 13, ya bar ta da mahaifiya mai fama da rashin lafiya. Suka koma jihar Vermont, inda ta haɗa jinyar uwa da zuwa makaranta. A 1920 uwar ma ta rasu. Tun ba ta cika shekara 20 ba ta zama ba uwa ba uba.

Ba ta bar karatu ba. Ta gama kwalejin mata ta Mount Holyoke a 1922, sannan ta shiga makarantar likitanci ta Johns Hopkins da ke Baltimore, ta fito likita a 1926. A can ta yi aiki a ƙarƙashin Florence Sabin, fitacciyar malamar ilimin sassan jiki, wadda ta koya mata haƙurin zama a gaban madubin likita ana duba naman jiki. Tun tana ɗaliba ta wallafa bincike biyu.

An rufe mata ƙofar tiyata

Burinta shi ne ta zama likitar tiyata. Ta koyar da ilimin sassan jiki na shekara guda a Jami'ar Rochester, ta kuma yi horon farko na tiyata a asibitin Strong Memorial da ke garin. Da ta nemi ta ci gaba da horon ƙwarewa, aka hana ta, don kawai ita mace ce. A wancan zamani ana ganin ɗakin tiyata wurin maza ne.

Sai ta koma birnin Niyu Yok, ta kama aiki a Jami'ar Kolombiya, a sashen da ake binciken cuta a naman jikin ɗan Adam. Ta sami digirin dokta a kimiyyar likitanci a 1935, kuma a shekarar ta fara aiki a asibitin yara na jami'ar mai suna Babies Hospital. Aikinta shi ne duba gawar yaran da suka rasu a asibitin don a san abin da ya kashe su. Aiki ne da mutane da yawa ke gudu. Ita kuwa ta riƙe shi da gaske, tana rubuta komai, tana adana samfuri. Ta tara zukatan jariran da aka haifa da nakasar zuciya, ta jera su iri-iri, har likitocin da suka fara yi wa yara tiyatar zuciya suka riƙa zuwa wurinta ɗaukar darasi. Matar da aka hana wuƙar tiyata ita ta dawo tana koyar da masu tiyata.

Abin da ta gani a 1935

A wancan lokaci, yaron da ya zo asibiti da ƙaton ciki, siraran ƙafafu, da bayan gida mai yawa mai maiƙo da wari, cutar siliyak ake cewa yana da ita. Cuta ce ta hanji, wadda daga baya aka gane alkama ce ke tayar da ita. Ana canza wa yaran abinci, mafi yawansu su murmure. Amma wasu ba sa murmurewa. Tari ya kama su, huhu ya cika da mugunya, su rasu.

A 1935 aka kawo wa Andersen gawar ɗaya daga cikin irin waɗannan yara. Da ta buɗe cikin, sai ta ga wani abu da bai dace da siliyak ba. Akwai wata tsoka doguwa da ke kwance a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas. Ita ce ke yin ruwan da ke narkar da mai da nama a hanji, ita ce kuma ke yin insulin. A jikin wannan yaro, ƙananan hanyoyin fankiriyas sun toshe da wani abu mai kauri, sun kumbura sun zama ƙananan jakunkuna, naman da ke kewaye da su ya zama tabo.

Wani likitan zai iya rubuta abin a takarda ya wuce. Ita sai ta koma ɗakin ajiya, ta fito da tsofaffin bayanan gawarwaki, ta bi rahotannin wasu likitoci, tana neman mai kama da wannan. A 1938 ta wallafa bayani a kan yara 49. Ta nuna cewa wasu sun rasu a makon farko na haihuwa saboda kashin farko na jariri ya yi tauri ya toshe hanji, wasu sun rasu cikin watannin farko da ciwon huhu, wasu kuma sun ɗan girma ana ɗaukarsu masu siliyak. Dukansu cuta ɗaya ce. Ta kira ta sistik faibirosis ta fankiriyas, wato jakunkuna da tabo. Shekara biyu kafin nan, wani likitan yara na ƙasar Suwizalan, Guido Fanconi, ya ba da labarin yara ƙalilan masu irin wannan hali, amma aikin Andersen ne ya tsayar da ita a matsayin cuta mai zaman kanta.

Yadda cutar take aiki a jiki

A jikin kowannenmu akwai majina sirara da ke shafe a cikin hanyoyin iska na huhu. Tana kama ƙura da ƙwayoyin cuta, wasu ƙananan gashi kuma suna share ta zuwa maƙogwaro ba tare da mun sani ba. Kafin majinar ta zama mai ruwa-ruwa, sai wata ƙofa da ke jikin ƙwayoyin halitta ta bar gishiri ya fito, ruwa ya biyo shi. Mai sistik faibirosis an haife shi da wannan ƙofa a lalace. Majinarsa sai ta yi kauri kamar ƙaro, ta manne.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Majinar da ta manne ita ce tsagar. Ƙwayoyin cuta suna zama a cikinta, jiki ya tura sojojin jini su yaƙe su, yaƙin ya jawo kumburi, kumburin ya ci bangon hanyoyin iska har su buɗe su lalace, wuri ya ƙara samuwa ga wasu ƙwayoyin. Haka abin yake zagayawa shekara da shekaru. Saboda haka maganin cutar yana da ƙafa huɗu: a fitar da majina, a kashe ƙwayoyin cuta, a rage kumburi, a taimaki hanji ya narkar da abinci.

Daga ɗakin gawa zuwa bakin gado

Andersen ba ta tsaya ga matattu ba. Ta so a gane cutar tun yaro yana raye. A farkon shekarun 1940 ta tsara gwajin da ake zura siririn tiyo ta baki har farkon hanji, a zuƙo ruwan wurin a auna ko akwai ruwan narkar da abinci na fankiriyas. Gwaji ne mai wahala ga yaro, amma shi ya fara raba masu siliyak da masu sistik faibirosis tun suna da rai.

Ta fara duba yaran da kanta, abin da masu irin aikinta ba su saba yi ba. Tana ba su garin fankiriyas na dabba su sha da abinci, da ƙarin bitamin A, da abinci mai gina jiki wanda ba shi da mai sosai. Da farko ta ɗauka rashin bitamin A ne ke lalata huhun yaran. Bincike na baya ya nuna majinar ce tushen matsalar.

Sai ga fenisilin ya fito a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ita da wani matashin likitan yara, Paul di Sant'Agnese, suka fara ba yaran maganin salfa, da fenisilin ta hanyar allura da kuma ta hanyar shaƙa, inda ake mayar da maganin kamar hazo ya shiga huhu kai tsaye. Sun wallafa sakamakon a 1946. Ƙwayar da ta fi kashe yaran a lokacin ita ce Staphylococcus aureus, kuma fenisilin yana cin ta. Yaran da a da ba sa cika shekara guda suka fara kaiwa shekara uku, huɗu, biyar. Daga baya ƙwayar ta koyi jure wa fenisilin, wata mai taurin kai, Pseudomonas aeruginosa, ta ƙara shigowa. Tun a wancan lokaci likitoci suka ga cewa maganin kashe ƙwayoyin cuta yana dusashewa idan an yawaita shi.

Zafin 1948 da gishirin zufa

Wannan ɓangaren ya shafe mu kai tsaye, mu da zafin bazara ke wuce digiri 40 a ƙasarmu. A watan Agusta na 1948 aka yi matsanancin zafi a Niyu Yok. An kwantar da yara goma a asibitin su Andersen saboda zafi ya galabaitar da su, sai aka ga biyar daga ciki masu sistik faibirosis ne. Ita da Dokta Walter Kessler suka rubuta wannan a 1951. Di Sant'Agnese ya bi sawun abin, a 1953 ya nuna cewa zufar waɗannan yara tana ɗauke da gishiri ninkin ba ninkin na sauran yara. Idan suka yi zufa, gishirin jikinsu ne ke tsiyayewa.

Tun ɗaruruwan shekaru kafin nan, tsofaffin matan Turai sun lura cewa jaririn da aka sumbaci goshinsa aka ji gishiri ba ya daɗewa a duniya. Sun ɗauka mayu ne suka kama shi. Ba mayu ba ne, cutar ce.

A 1959 likitoci biyu, Lewis Gibson da Robert Cooke, suka tsara hanyar sa fatar hannu ta yi zufa da wani magani, a tara zufar a auna. Har yau wannan ne babban gwajin cutar. Idan sinadarin kulorayid ya kai 60 ko fiye a ma'aunin da ake amfani da shi, alama ce mai ƙarfi. Idan bai kai 30 ba, da wuya cutar ce. Kada ku lashi goshin yaro ku yanke hukunci. A zafinmu zufar kowa tana da ɗanɗanon gishiri, kuma tamowa mai tsanani ma tana iya rikita sakamakon gwajin.

Cuta ce ta gado, daga uwa da uba

A 1946 Andersen da Dokta Richard Hodges suka bi diddigin iyalan yaran, suka nuna cewa cutar gado ce, kuma sai yaro ya gado ta daga ɓangare biyu. Kun san yadda sikila take. Idan miji AS ne, mata ma AS, su biyun lafiyarsu ƙalau, amma kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na fitowa SS. Haka sistik faibirosis take. Saboda haka ba laifin uwa ba ne, ba nononta ne ya ɓaci ba, ba kuma a ɗaukar cutar daga wani. A gidan da ake yawan auren zumunci, damar haɗuwar masu ɗauke da ƙwayar gado iri ɗaya tana ƙaruwa. Gwajin jinin da ake yi kafin aure don sikila ba ya nuna wannan cuta.

Halinta da rasuwarta

Waɗanda suka yi aiki da ita sun san ta da rashin damuwa da kwalliya, da ofis mai tarin takardu, da taba sigari da ba ta rabuwa da hannunta. Ba ta yi aure ba. Tana da gona a tsaunukan jihar New Jersey, inda take aikin kafinta da gyaran rufi da hannunta, tana gayyatar ɗalibanta hutun ƙarshen mako. Ta zama shugabar sashen binciken cuta ta asibitin a 1952, ta zama cikakkiyar farfesa a 1958. A 1956 ta bayyana wata cutar hanta ta gado da har yau ake kira da sunanta.

Tabar ce ta kayar da ita. Sankarar huhu ta kama ta, aka yi mata tiyata a 1962, ta rasu ranar 3 ga Maris, 1963, tana da shekara 61. Matar da ta ƙare rayuwarta tana kare huhun yara, hayaƙi ya ci nata huhun. Duk uban da ke shan taba a ɗakin da yaro mai tari yake kwana, ya tsaya ya yi tunani a kan wannan.

Magungunan da suka zo bayanta

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ta fara, wasu suka ɗora.

Abinci ne ya fara canzawa. Likitocin Toronto a Kanada suka daina hana yaran mai, suka riƙa ba su abinci mai maiƙo tare da isassun ƙwayoyin narkar da abinci. Wani bincike na 1988 ya kwatanta su da marasa lafiyar Boston da ake rage wa mai: matsakaicin tsawon rai ya kai shekara 30 a Toronto, 21 a Boston. Yau ana ba yaro kafso na ruwan fankiriyas a duk lokacin cin abinci, da bitamin A, D, E da K, da ƙarin gishiri da ruwa a lokacin zafi.

A 1989 masu bincike uku, Lap-Chee Tsui, John Riordan da Francis Collins, suka gano ƙwayar gadon da ke ƙera ƙofar gishirin nan, aka sa mata suna CFTR. A 1993 aka fito da dornase alfa, maganin shaƙa da ke tsinka majina. A 1997 aka amince da tobramycin na shaƙa don Pseudomonas. Wani bincike da aka yi a Ostireliya, aka wallafa a 2006, ya nuna cewa shaƙar ruwan gishiri mai ƙarfin kashi 7 cikin ɗari yana rage tashin ciwon. Wannan ruwa na musamman ne, tsarkakakke, ana shaƙar sa da na'ura, kuma ana fara ba da maganin buɗe ƙirji kafin shi. Ba a haɗa shi a gida da gishirin miya.

A ɓangaren kumburi kuwa, an gwada ba yara prednisone na sha na tsawon shekaru. Huhu ya ɗan ji sauƙi, amma yaran suka daina tsawo, sukarin jininsu ya hau, wasu yanar ido ta kama su, sai aka bar wannan hanya. An gano azithromycin yana rage kumburi idan ana shan sa sau uku a mako na dogon lokaci, amma sai an fara gwada kaki an tabbatar babu ƙwayar tarin fuka ko danginta.

Babban sauyi ya zo a 2012 da ivacaftor, maganin farko da ke gyara ƙofar gishirin kanta. A 2019 aka fito da haɗin magunguna uku mai suna Trikafta, wanda ya dace da kusan kashi 90 cikin ɗari na masu cutar a Amurka. Cutar da a zamanin Andersen take kashe yawancin yara kafin su shekara, yau a Amurka da Ingila ana sa ran jaririn da aka haifa da ita zai wuce shekara 50.

Sai dai akwai gaskiya biyu da ya kamata ku sani. Ta farko, kuɗin Trikafta a Amurka ya haura dala 300,000 a shekara ga mutum ɗaya. Ta biyu, lahanin ƙwayar gadon iri-iri ne. Wanda ya fi yawa a Turawa shi ne F508del, kuma don shi aka ƙera maganin. A cikin baƙaƙen fatar Afirka ta Kudu an fi samun wani lahanin daban, wanda wannan magani ba ya gyarawa. Amma ƙafafun maganin nan huɗu da aka gina tun zamanin Andersen suna aiki ga kowane yaro, kuma su ne suka fara ƙara wa masu cutar shekaru tun kafin sababbin magungunan su fito.

Abin da ya shafi gidajenmu

A Turawa, kusan jariri ɗaya cikin 2,500 zuwa 3,500 ake haifa da cutar. A baƙar fata ba ta kai haka yawa ba, shi ya sa aka daɗe ana koyar da cewa cutar Turawa ce. Amma an tabbatar da ita a yaran Afirka, kuma alamunta suna kama da tamowa, da tarin fuka, da cutar ƙanjamau, waɗanda su ne likita ke fara tunawa. Abin da ya faru da yaran siliyak a 1935 yana iya faruwa a nan: yaro ya sha maganin wata cuta, alhali wata ce ke cin sa.

Duk da haka, kada wannan tarihi ya sa ku ɗauka kowane tari mai daɗewa sistik faibirosis ne. A yankinmu abubuwan da suka fi jawo shi su ne asma, tarin fuka, tabon da tarin fuka ko ƙyanda ko sanyin haƙarƙari suka bari a huhu, da hayaƙin itace da kara da mata ke shaƙa a madafi tare da goyonsu. Duk suna da kumburi a huhu, amma maganinsu ya bambanta.

Mai asma yana bukatar inhela iri biyu: salbutamol mai buɗe ƙirji idan ciwon ya tashi, da mai rage kumburi irin su beclomethasone ko budesonide da ake shaƙa kullum ko da lafiya ta samu. Inhela ba ta kama jiki, ba kuma alamar ciwo ya yi nisa ba ce. Ƙaramin yaro yana bukatar mazubin shaƙa tsakanin bakinsa da inhelar, kuma binciken da aka yi a Afirka ta Kudu ya nuna gorar roba ta rabin lita tana yin wannan aiki idan ma'aikacin lafiya ya nuna yadda ake gyara ta. Mai tarin fuka yana bukatar gwajin kaki da maganin wata shida, kuma duka kyauta ne a asibitocin gwamnati. Mai tabon huhu yana bukatar koyon fitar da kaki kullum, da maganin ƙwayoyin cuta a lokacin da ciwon ya tashi.

Ga abubuwa huɗu da ke cutar da mai tari idan an saye su a kemis ba tare da likita ba. Dexamethasone da prednisolone, waɗanda wasu ke sha don ƙiba da sunan sha-ka-fashe, suna kwantar da tari na kwana biyu, amma suna hura wutar tarin fuka, suna hana yaro tsawo. Ciprofloxacin da levofloxacin suna ɓoye tarin fuka ba tare da sun warkar da shi ba. Allurar gentamicin da ake maimaitawa tana kurmantar da yaro, tana taɓa ƙoda. Maganin tari mai danne tari kuwa yana hana kaki fita, alhali fitarsa ce lafiyar yaron. Gwamnatin Najeriya ta hana maganin tari mai kodin tun 2018.

Yaushe za ku nemi a zurfafa bincike?

Ku koma asibiti, ku nemi a tura ku wurin likitan yara, idan kun ga ɗaya ko fiye daga cikin waɗannan:

Tari mai kaki da ya wuce mako huɗu, ko sanyin haƙarƙari da ya dawo sau biyu ko fiye a shekara guda.

Yaro yana ci sosai amma ba ya ƙara nauyi, bayan gidansa mai yawa ne, mai maiƙo, mai wari fiye da kima.

Jariri bai yi kashin farko ba har kwana biyu bayan haihuwa, ko duburar yaro tana yawan fitowa.

Kan yatsun hannu ya kumbura ya yi kama da kan makaɗi.

Yaro yana saurin galabaita da zafi, gishiri yana bushewa fari a fatarsa.

An gama maganin tarin fuka daidai amma ba sauƙi, ko an taɓa rasa wani yaro a gidan da irin wannan ciwo.

Daga Boɗinga ko Shagari, ku fara da asibitin da ke kusa da ku, ku karɓi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Gwajin zufa ba a kowane asibiti ake yin sa ba, likitan yara ne zai duba ko ana bukatarsa, ya kuma shirya inda za a yi. Ku tafi da katin awon nauyi da na rigakafi, da tsofaffin hotunan ƙirji, da kwalayen duk magungunan da yaron ya sha, har da na gargajiya. Ku faɗi dangantakar da ke tsakanin uwa da uba, ku faɗi yaran da aka rasa da shekarunsu, ko da faɗin yana da ciwo.

Dokta Andersen ta gano cutarta ne ta hanyar jera bayanan yara 49 wuri guda har kamanninsu ya fito. Likitan da zai duba ɗanku ma haka zai yi da tarihin yaro ɗaya, kuma rabin wannan tarihi yana hannunku. Idan numfashin yaro ya yi sauri, haƙarƙarinsa yana shiga ciki, leɓensa ya canza launi, ko ya kasa shan nono, kada ku jira ranar kasuwa ko wayewar gari. Ku kai shi asibiti a lokacin.